Na tsinci 'yan kwikwiyo marasa uwa: yaya zan rene su kafin in bayar?

Tambaya: Likita, ni ɗan kasuwa ne a Agege. Mota ta kashe wata karya a bayan shagonmu, ta bar 'ya'ya biyar da idanunsu bai daɗe da buɗewa ba. Na kwashe su a kwali, kuma maƙwabta sun ce suna so domin gadi. Wani ya ba ni shawarar in kulle su a ɗaki mai duhu don su tashi da zafi. Me zan ba su, kuma yaushe zan raba su?

Amsa: Malam, Allah ya saka da alheri. Kwikwiyo yana buɗe ido ne tsakanin kwana 10 zuwa 14, saboda haka naka ba su wuce mako biyu da 'yan kwanaki ba, kuma a wannan lokaci jikinsu bai iya riƙe ɗumi da kansa ba. Duk da zafin Legas, simintin ƙasa da danshin damina suna iya hallaka su. Ka shimfiɗa musu busasshen tsumma, ka naɗe gorar ruwan ɗumi ka ajiye a gefe guda na kwalin, kuma kada ka ba wanda jikinsa ya yi sanyi abinci sai ya ɗumama. Nonon shanu da madarar gwangwani suna sa su zawo. Ka nemi madarar da aka haɗa domin 'yan kwikwiyo a asibitin dabbobi, ka ba su a bulumboti kamar duk awa uku zuwa huɗu, suna kwance a kan cikinsu, domin idan aka kwantar da su rigingine madarar tana iya bi ta huhu. Bayan kowane shayarwa ka shafa ƙarƙashin jelarsu da auduga mai ɗumi har su yi fitsari da kashi, aikin da uwarsu take yi da harshe har wajen mako uku. Daga mako huɗu sai ka fara ba su jiƙaƙƙen abinci a faranti.

Maganin tsutsar ciki ana farawa ne tun mako biyu, a maimaita duk bayan mako biyu har mako takwas. Rigakafin farko, wanda ya haɗa da na cutar fabo mai sa amai da zawon jini, yana zuwa a mako shida zuwa takwas, na ciwon haukan kare kuma a wata uku. Ka riƙa duba fatarsu saboda kaska, da kuma ƙurji mai ɗan rami a tsakiya, alamar tsutsar ƙudan da ke yin ƙwai a yashin da fitsari ya jiƙa.

Shawarar kulle su a duhu kuwa, ina roƙonka da ka yi watsi da ita. Daga mako uku zuwa wajen mako 12 kwikwiyo yake koyon abin tsoro da wanda ba na tsoro ba, kuma abin da ya rasa a wannan ɗan lokaci da wuya a cusa masa daga baya. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Karen da ya tashi a kulle matsoraci yake zama, kuma matsoracin kare shi ne mai cizon yaron gida da mai ruwa, domin bai san bambancin baƙo da ɓarawo ba. Haushin gadi halinsa ne, zai zo da kansa idan ya girma.

Saboda haka kullum ka ɗauki kowannensu na 'yan mintoci, ka taɓa kunnensa da tafin ƙafarsa, ka buɗe bakinsa a hankali. Su ga mai babbar riga da mai hijabi da mai hular kwano, su ga yara suna zaune a natse da babba a kusa. Ƙarar janareta da hon ɗin danfo da Keke Napep su fara jin su daga nesa suna cikin cin abinci. Idan ɗaya ya maƙale jela ya ja da baya, ka matsar da shi nesa, ka sake gwadawa gobe ba tare da tilas ba. Sai dai kafin rigakafinsu ya cika kada ƙafarsu ta taka titi ko bakin kwata, domin ƙwayar fabo tana daɗewa watanni a ƙasa. Ka fita da su a hannu ko a kwando.

Kada ka raba su kafin mako takwas, ko da masu so sun matsa maka. A wasan kokawa da 'yan'uwansa ne kwikwiyo yake koyon sassauta haƙori: ya ciji ɗan'uwansa da ƙarfi, wancan ya yi ƙara ya daina wasan, shi kuma ya gane iyakarsa. Idan ranar bayarwa ta zo, ka tambayi mai karɓa ko yana da inuwa da ruwa da wurin da karen zai zagaya ba a ɗaure dare da rana ba, sannan ka miƙa masa katin rigakafin, ka nuna masa ranar allura ta gaba.