Shin ya halatta mu ci abinci a sabon gidan abincin Turkawa?

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Allah ya gafarta Malam, an buɗe wani sabon gidan abinci na Turkawa kusa da mu, maigidana kuma ya yi alkawarin kai mu ni da yara. Sai wata ƙawata ta ce kada mu kuskura, wai Turkiyya ƙasa ce da ta raba addini da mulki, ba a san irin yankansu ba, kuma an ce a irin wuraren nan ana sayar da giya. Ƙanwata da ta je ta ce ita ba ta ga giya ba, amma ta ga wani shuɗin dutse mai kamar ido rataye a bakin ƙofa, sannan an kawo mata wani abin sha mai tsami da ta kasa gane ko mene ne. Malam, mu je ko mu haƙura?

AMSA: Wa alaikumus salamu wa rahmatullahi wa barakatuhu. Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa da alayensa da sahabbansa.

Malama, ku je ku ci, matuƙar naman yankan halal ne kuma ba a zagayawa da giya a teburin da kuke zaune. Sunan da aka rubuta a allon ƙofa ba ya halatta komai, ba ya kuma haramta komai.

Baƙuncin abinci ba aibi ba ne a shari'a. Allah ya ce wa mutane a Suratul Baƙara, aya ta 168, su ci daga abin da ke cikin ƙasa, halal mai daɗi. An taɓa ajiye wa Annabi (SAW) gasasshen damo sai ya janye hannunsa. Khalid bin Walid ya tambaye shi ko haram ne, ya ce a'a, sai dai babu shi a ƙasar mutanensa, shi ya sa ransa bai so ba. Khalid ya jawo ya ci a gabansa. A Tabuka kuma an kawo masa cuku, ya nemi wuƙa, ya yi bisimilla ya yanka, kamar yadda Abu Dawud ya ruwaito daga Ibn Umar. Don haka shinkafarsu da gurasarsu da miyar ganyensu da kayan zaƙinsu irin su baklava duk suna kan asalin halacci har sai dalili ya zo.

Maganar ƙawarki tana da ƙamshin gaskiya ta fuskar tarihi, amma ta ɗora hukunci inda bai dace ba. An kafa jamhuriyar Turkiyya a 1923, a 1928 aka cire jimlar da ta ce Musulunci ne addinin ƙasa daga tsarin mulki, a 1937 kuma aka rubuta raba addini da gwamnati a cikinsa. Duk haka ne. To amma tsarin mulki ba ya riƙe wuƙa, mahauci ne ke yanka. Mafi yawan Turkawa Musulmi ne, akasarinsu mabiya mazhabar Hanafiyya, kuma naman alade ba ya cikin girkinsu na gado. Bayan haka, gidan abincin da ke kusa da ku da wuya a ce daga Ankara, babban birnin Turkiyya, yake yo odar raguna. A inda yake zaune yake sayen nama. Ke nan tambayar da ta dace ita ce daga wace mahauta naman ya fito, ba daga wace ƙasa mai dafa shi ya zo ba.

A nan ne zan ɗan tsaya, domin nama ba kamar sauran abinci ba ne. Malamai sun ce asalinsa hani ne har sai an san an yanka shi ta hanyar shari'a, kuma sun kafa hujja da hadisin Adiyyu bin Hatim: idan mafarauci ya saki karensa da bisimilla, sai ya tarar da wani kare tare da shi a kan abin farautar, bai san wanne ya kashe ba, to kada ya ci. Sai dai wannan sanin ba a ce sai ka tsaya a kan mahauci ka gani da idonka ba. Bukhari ya ruwaito daga Nana A'isha cewa wasu mutane sun ce wa Annabi (SAW) ana kawo musu nama, ba su sani ba ko an ambaci sunan Allah a kansa ko ba a ambata ba. Ya ce su ambaci sunan Allah su ci. Masu kawo naman kuwa sababbin shiga Musulunci ne. Abin da aka fahimta shi ne, idan nama ya fito daga hannun wanda yankansa ya halatta, ana ɗaukar aikinsa a kan inganci, ba a bin diddiginsa. Musulmi yankansa halal ne ko da mai saɓo ne, haka Bayahude da Banasare bisa aya ta 5 a Suratul Ma'ida, in dai yanka aka yi, ba shaƙewa ko bugewa ba.

Saboda haka, idan kuna zaune inda galibin naman kasuwa yankan Musulmi ne, ko kun san mai wurin Musulmi ne da ba a san shi da ha'inci ba, ku ci ba tare da tambaya ba. Tsananta bincike a wannan hali waswasi ne, kuma muzanta ɗan'uwa ne. Idan kuwa kuna ƙasar da galibin mahautanta ba sa yankan shari'a, maigidanki ya yi tambaya ɗaya cikin ladabi: daga ina kuke samo namanku? Abin da suka faɗa ya isa, sai in ƙarya ta bayyana. Na fi ƙarfafa tambayar a kan doner, wato naman nan da ake jerawa a jikin tsayayyen ƙarfe yana juyawa a gaban wuta ana yankar gefensa. Wurare da yawa, musamman a Turai, ba su ke haɗa shi ba, daga masana'anta ake kawo musu shi a daskare, kuma ba kowane mai allon Turkawa ne Baturke ko Musulmi ba. Kama da wane ba ta wane. Batun sumar da dabba kafin yanka kuwa, Majalisar Fiƙihu ta ƙasashen Musulmi ta zauna a kansa a Jidda a 1997, ta ce dabbar da aka sumar tana ciwuwa idan an tabbatar da ranta lokacin da wuƙa ta hau wuyanta. In ta mutu kafin nan, mushe ce.

Sai giya, wadda ita ce ta fi damuna a tambayarki. Turkawa suna da wata barasa mai ƙarfi da ake kira raki. A kwalba kamar ruwa take, amma da an zuba mata ruwa sai ta koma fari fat, har suna yi mata kirari da nonon zaki. Na faɗi wannan ne don kada wani ya ga farin abu a kofi ya ɗauka madara ce. Tirmizi ya ruwaito daga Jabir cewa Annabi (SAW) ya ce wanda ya yi imani da Allah da ranar lahira kada ya zauna a teburin da ake zagayawa da giya a kansa. Wannan a fili yake, ko da mutum ruwa kawai yake sha. Idan wurin mashaya ce da aka raɓa mata abinci, irin wadda su suke kira meyhane, kada ku shiga, balle da yara. Idan kuwa gidan abinci ne na iyali amma akwai masu sha a wasu tebura, malamai sun yi saɓani. Wasu sun hana gaba ɗaya, wasu sun taƙaita hanin ga teburin da ake sha. Abin da nake gani shi ne abincin bai haramta ba, amma wanda ya fita don nishaɗi ba lalura ce ta fito da shi ba, barin wurin ya fi masa. A kuma kula da miyar da aka ce an dafa ta da giya, domin wasu masu girkin zamani suna yi. Wannan a bar ta, ko da an ce wuta ta ƙone barasar.

Abin shan da aka kawo wa ƙanwarki, in fari ne mai ɗan gishiri, ayran ne: kindirmo da ruwa da gishiri, babu komai a cikinsa. In ja ne mai duhu, shalgam ne, ruwan baƙin karas da aka tsima. Akwai kuma boza, mai kauri, da ake yi da hatsi. Ma'aunin duk waɗannan ɗaya ne, hadisin da ya ce abin da mai yawansa ke sa maye, kaɗan ɗinsa ma haram ne. Tsami shi kaɗai ba maye ba ne. Muslim ya ruwaito daga Ibn Abbas cewa ana jiƙa wa Annabi (SAW) zabibi ya sha har zuwa yammacin kwana na uku. Ayran da shalgam da ake sha da abinci ba sa bugarwa komai yawansu, don haka halal ne. Boza ma haka, sai wadda aka bari ta daɗe har ta yi ƙarfin da za ta juya kai.

Kuna iya ganin midye dolma a jerin abincin, wato ƙumbar teku da aka cusa wa shinkafa. A mazhabar Malikiyya duk abin da ke rayuwa a teku halal ne, bisa aya ta 96 a Ma'ida da hadisin da ya ce teku ruwansa mai tsarkakewa ne, mushensa halal ne. Hanafawa kuwa kifi kaɗai suka halatta. In wani Baturke mai kula da addini ya ce miki shi ba ya ci, mazhabarsa ya bi, ba abin jayayya ba ne.

Shuɗin idon nan sunansa nazar, suna rataya shi ne wai don maganin kambun baki. Wasu kuma ado kawai suka ɗauke shi. Wanda ya ƙudurce cewa dutse na tunkuɗe sharri ya shiga gargaɗin hadisin da Imam Ahmad ya ruwaito a kan mai rataya laya, kuma hukumar addini ta Turkiyya da ake kira Diyanet, wadda aka kafa a 1924, ita da kanta ta ba da fatawa cewa bai halatta a nemi kariya daga gare shi ba. Amma kuskuren mai gida bai shafi tukunyarsa ba, abincin na nan halal. In maigidanki ya samu fuska, ya yi masa nasiha a keɓe da tattausan harshe. Ke kuma ki lura da yara, domin al'adarsu ce su maƙala wa jariri ƙaramin irinsa a riga, wani lokaci ma su ba baƙo kyauta. In an ba ku, ku yi godiya ku ce ba ku amfani da shi, in an riga an maƙala kuma ki cire.

Wallahu a'alam.