Tallafin kuɗin wuta da gas a Ingila

Kin tambaya ko akwai taimako ga gidan da bashin wuta da gas ya yi wa katutu a Ingila. Akwai, 'yar'uwa. Ki fara kiran kamfaninku tun bashin bai ƙaru ba. Ƙa'idar Ofgem, hukumar da ke sa ido kan kamfanonin wuta da gas, ta wajabta musu tsara miki biya kaɗan-kaɗan daidai ƙarfinki. Sannan ki duba Warm Home Discount, ragin fam 150 a kuɗin wuta lokacin sanyi.

Sai dai ragin na masu karɓar tallafin gwamnati na masu ƙaramin ƙarfi irin Universal Credit ne, kuma dole sunanki ko na mijinki ya kasance a takardar kuɗin wutar tun Agusta. A nan 'yan haya da dama suke rasa shi, saboda sunan mamallakin gidan ne a takardar.