Amsa: Pontiac Vibe ta 2005 za ta yi wa mai iyali a Gombe?

Wa alaikumus salam, Malam. Ka tambaya ko Vibe ta 2005 za ta riƙe zirga-zirgar iyali tsakanin Gombe da Bauchi. Za ta riƙe, in ka duba ta da kyau kafin ka biya.

Motar Amurka ce, amma injinta na Toyota ne, yawanci samfurin 1ZZ mai lita 1.8, irin na Corolla da Matrix. Shi ya sa duk bakanike ya san ta, kayan inji kuma ba sa wuya. Taimin ɗin injin na sarƙa ne, ba na bel ba. Kujerun baya suna kwantawa shimfiɗe, ƙasan but ɗin roba ce, ko buhun masara ya zube shara kawai za a yi.

Babban aibinta shan baƙin mai, musamman na 2003 da 2004, saboda zoben fistin kan toshe da dauɗa. Ka sa a tayar da ita da sanyin safiya, ka tsaya bayan salansa. In hayaƙi ya fito shuɗi-shuɗi, ka haƙura da ita. Juyen baƙin mai ɗaya kusan lita 4 take ci, kuma a ƙurar hunturu kada ka jinkirta canza matatar iska.

Ka guji mai jan ƙafa huɗu, ta fi shan fetur, gyaranta kuma ya fi tsada. Fitila da bamba sukan yi wuyar samu, domin an daina ƙera Pontiac tun 2010, kuma na Matrix ba sa hawa kanta.