Ta yaya ake gane sabuwar ƙwayar bakteriya a jikin murjani?

Tambaya: Malam, na ji an ce masana sun gano sabuwar ƙwayar bakteriya a jikin murjanin teku. Abin da ido ba ya gani, da me aka dogara har aka ce sabo ne? Daga wata ɗalibar kimiyya.

Amsa: 'Yata, murjanin da iyayenmu mata ke ado da shi ƙashin wata dabbar teku ce, kuma tun tana raye jikinta da yauƙin da ke lulluɓe da ita cike suke da bakteriya. Mai nutso yakan ɓallo ɗan guntu ko ya zuƙo yauƙin da sirinji. A ɗakin bincike sai a niƙa, a tsarma da ruwan teku mai tsabta, a shafa a faranti mai ɗauke da daskararren abinci mai gishiri. Bayan 'yan kwanaki za ki ga ɗigo-ɗigo sun fito, wani fari, wani ruwan ɗorawa. A tsinci ɗigo ɗaya, a yi ta sake shuka shi har ya zama tsantsa, ba gauraye.

Kamanni ba hujja ba ne. Ana karanta wani sashe na ƙwayar gado mai suna 16S rRNA, mai haruffa kusan 1,500, a gwada da na waɗanda aka riga aka sani. Idan kamar ba ta kai kashi 98.7 cikin ɗari ba, an fara zargin sabuwa ce. A nan nake yawan jan kunnen ɗalibai: bakteriya dangin Vibrio, waɗanda suka yi yawa a murjani, sun yi kama da juna a wannan sashe ƙwarai, mai gaggawa zai sha ruɗu. Shi ya sa yanzu ake karanta ƙwayoyin gadon baki ɗaya. In daidaiton ya gaza kashi 95 zuwa 96, jinsi ne daban. Sannan a auna gishirin da take jurewa, da zafin da take so, da abin da take ci.

Duk da haka suna ba ya tabbata sai an ajiye ƙwayar da ranta a rumbunan ajiya biyu a ƙasashe biyu, kamar DSMZ a Jamus da ATCC a Amurka, don kowa ya iya karɓa ya gwada da kansa, kuma an buga sunan a IJSEM, mujallar da ke tabbatar da sunayen bakteriya. Wannan sharaɗi ina ganin ƙimarsa sosai. Waɗanda suka ƙi tsirowa a faranti kuwa, su ne mafi rinjaye, sai a sa musu kalmar Candidatus kafin sunan, alamar cewa sunan na wucin gadi ne.

Ta wannan hanya aka raɗa wa Vibrio coralliilyticus suna a 2003, bayan an samo ta daga murjani marar lafiya a gaɓar Zanzibar. Ma'anar sunan mai narkar da murjani, domin da zarar zafin ruwa ya kai wajen digiri 27 a ma'aunin Celsius, takan zagwanyar da naman murjanin ta bar farin ƙashi.