Na kwafi kwantena ɗaya sau goma, yanzu suna rigimar adireshi

Tambaya: Malam, ina kula da sabar wata makaranta a Zariya. Na zauna na saita kwantenar Debian ɗaya (wato ƙaramar na'ura ta manhaja da ke gudana a cikin sabar) a Incus, manhajar da ke sarrafa kwantenoni, da hannuna, na sa agogo da masu shiga da SSH (hanyar shiga na'ura daga nesa), sannan na kwafe ta sau goma. Yanzu biyu suna karɓar adireshin IP iri ɗaya, hanyar sadarwa tana ta yankewa. Wani ya ce in riƙa sake kunna su. Hankalina bai kwanta ba.

Amsa: Hankalinka ya yi gaskiya, malam. Sake kunnawa ba zai yi maka komai ba, kuma wanda ya ba ka wannan shawara bai duba cikin kwantenar ba.

Kullum sai na ci karo da wannan kuskure: mutum ya ɗauka kwafi sabuwar na'ura ce. Kwafi tagwaye ne. Buɗe /etc/machine-id, fayil ɗin lambar shaidar na'ura, a kowacce, za ka ga haruffa 32 ɗin nan iri ɗaya ne sak. Idan ba a saita systemd-networkd, mai haɗa kwantena da hanyar sadarwa, ya yi amfani da lambar MAC ta katin sadarwa ba, daga lambar machine-id yake ƙera shaidar da yake kai wa DHCP, mai raba adireshin IP, shi ya sa aka ba su adireshi ɗaya. Wannan ma ƙaramin abu ne. Leƙa /etc/ssh, makullan ssh_host nasu, waɗanda kowace na'ura ke tabbatar da ko ita wace ce da su, duk ɗaya ne. Wanda ya fasa ɗaya daga cikin goman, ya riƙe makullin da zai yi shigar burtu da sunan sauran tara, kuma kwamfutarka ba za ta yi maka ko tari ba. Abin da ke ƙona mini rai shi ne masu koyarwa a bidiyo da ke cewa "ka saita ɗaya ka kwafa, ka huta", wasu har da kalmar sirrin root, babban mai iko da na'ura, a ciki, su raba wa ɗalibai kamar goro.

Ka daina saitawa da hannu. Ɗauko samfurin images:debian/12/cloud, wanda yake zuwa da cloud-init, manhajar da ke saita sabuwar na'ura da kanta. Rubuta fayil mai fara da layin #cloud-config, ka sa yankin lokaci Africa/Lagos, sunayen masu shiga, makullin SSH na fili kaɗai, da manhajojin da kake so, ka liƙa shi a cloud-init.user-data na profile ɗin Incus, wato saitunan da kwantenonin ke gada. Kowace sabuwa za ta saita kanta a tashin farko, ta ƙera makullanta. Umarnin cloud-init status --wait zai gaya maka ta gama.

Goman da ke hannunka kuwa, a kowacce ka kwashe abin da ke cikin /etc/machine-id ka bar fayil ɗin babu komai, ka goge makullan ssh_host, ka buga ssh-keygen -A, sannan ka sake kunna ta. Kalmar sirrin da ka sa a ta farko, canza ta yau a duka goman.