Nijar da Najeriya a Yaƙin Duniya na Biyu

Malam, ka tambaya ko Nijar da Najeriya ɓangare ɗaya suke a Yaƙin Duniya na Biyu, tunda Faransa da Ingila ƙawaye ne. Farkon yaƙin da ƙarshensa haka ne, amma a tsakiya sun raba gari. Da Jamus ta ci Faransa a watan Yunin 1940, sabuwar gwamnatin Faransa, wadda daga baya ta zauna a garin Vichy, ta yi sulhu da Hitler, Nijar kuma ta bi ta, kamar sauran ƙasashen Afirka ta Yamma da Faransa ke mulka daga Dakar a lokacin. Sai a ƙarshen 1942 suka dawo ɓangaren Ingila da ƙawayenta.

Abin lura shi ne, jin Faransanci bai sa ƙasashen sun bi hanya ɗaya ba, kowacce inda gwamnanta ya karkata ta nufa. Chadi ta bi Janar de Gaulle, hafsan Faransa da ya ƙi sulhun ya ci gaba da yaƙi tare da Ingila, tun Agustan 1940, a hannun Gwamna Félix Éboué. Mu nan Kamba, a Najeriya bakin iyakar Nijar, abin a ƙofar gida ya same mu. Kakana, Allah ya jiƙansa, yakan ce a shekarun nan kai goro Gaya ta Nijar sai da dare, ta cikin gonaki, ga shi kuwa ƙanwarsa can take aure.