Amsa ga Malam Sani: yadda ake cewa "ba shi da hankali" da harshen Gaeilge

Malam Sani, ka tambayi kalmar da mutanen Ayalan ke amfani da ita a harshensu na gado idan mutum ya yi abin da ba hankali a ciki. Shekarata 9 a Galway, wani birni a ƙasar Ayalan, kuma aikin gida na yarana ne ya tilasta mini koyon harshen. Ba kalma ɗaya ba ce, kamar yadda wauta daban, shirme daban, hauka daban.

Tushen abin shi ne ciall, wato hankali, ana furta ta kamar "kiyal". Marar hankali kuwa duine gan chiall ne. Lura da yadda harafin farko ya sauya bayan gan, haka harshen yake. Suna da karin magana, Ní thagann ciall roimh aois, wai hankali ba ya riga shekaru zuwa. Shi ya sa ba a ɗaukar gan chiall zagi idan yaro aka gaya wa.

Wawa shi ne amadán, amma namiji. Mace óinseach ce. A nan na sha kunya: na taɓa ce wa 'yata amadán cikin wasa a gaban wata tsohuwa 'yar Conamara, wani yanki kusa da Galway inda ake magana da harshen, ta yi dariya ta gyara mini, sannan ta ce kada ma in saba da ta biyun, don ta fi zafi a kunne. Idan maganar ce shirme ba mai maganar ba, ka ce seafóid ko ráiméis, ka zauna lafiya da kowa.

Ar buile tana ruɗar sabon shiga. Asalinta hauka ne, amma yau idan aka ce malami yana ar buile, fushi yake yi, kamar mu ce wane ya haukace mana. Wanda ya zautu ana cewa tá sé as a mheabhair.

Gealt kuwa ka bar ta, mahaukaci tuburan ke nan. A gundumar Kerry akwai wani kwari mai suna Gleann na nGealt, kwarin mahaukata, inda tun zamanin da ake cewa masu taɓin hankali na zuwa shan ruwan wata rijiya don neman sauƙi. Na je sau ɗaya, rijiyar na nan har yanzu.